DOUG HEPBURN: GURGUN DA YA FI MASU ƘAFA ƘARFI

Mu a nan yankinmu, daga Jabo zuwa Tambuwal har Kebbe, in ana zancen ƙarfi sai a ambaci 'yan kokawa da 'yan dambe, waɗanda ake taruwa kallonsu bayan kaka. Amma akwai wani wasan ƙarfi da ake yi a kwance. Mutum zai kwanta rigingine a kan benci, ya sauko da sandar ƙarfe mai faifai masu nauyi a gefe biyu har ta taɓa ƙirjinsa, sa'an nan ya tura ta sama sai hannuwansa sun miƙe sarai. Mutumin da ya fito da darajar wannan wasa shi ne Douglas Ivan Hepburn, mutumin Kanada, kuma labarinsa ne muke so mu ba masu karatu.

An haife shi a birnin Vancouver ran 16 ga Satumba, 1926. Ya zo duniya da ƙafar dama a murɗe, ga shi kuma harara-garke. Likitoci sun yi wa ƙafar aiki, amma aikin bai yi kyau ba, ƙasusuwan idon sawu suka haɗe, ƙafar ta motse ta fi 'yar'uwarta siranta. Gida ma ba daɗi, don ubansa mashayi ne, auren iyayen kuma ya mutu tun yana ƙarami. Duk wanda ya yi makaranta ya san abin da yara ke yi wa irin wannan yaro.

Yana ɗan sakandare ya fara ɗaga ƙarfe a zauren motsa jiki na Ƙungiyar Samarin Kirista, wato YMCA, ta garinsu. Bai gama makaranta ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba a ɗauke shi soja ba saboda ƙafar, sai ya duƙufa ga ƙarfe, yana 'yan ƙananan ayyuka don ya ci abinci.

A zamanin nan ba a ɗauki turin ƙarfe a kan benci a bakin gasa ba, motsa jiki ne kawai na share fage. Amma ga mai raunin ƙafa babu abin da ya fi shi, tunda ƙirji da kafaɗa da damatsa ne ke yin aikin. Hepburn ya riƙe shi gam. Dabararsa kuwa ta haƙuri ce: ya ɗora nauyi mai yawa, ya tura sau biyu ko uku kawai, ya huta sosai, ya sake, kuma ba ya ƙara nauyi sai wanda yake kai ya zama masa wasa. Har yau masu wannan sana'a suna bin tsarin da sunansa. A 1950 ya zama mutum na farko da aka tabbatar ya tura laba 400, wato kilo 181. A 1951 ya kai laba 450, a 1953 kuma ya cika laba 500, kimanin kilo 227. Ku ƙiyasta buhun siminti huɗu da rabi a kan ƙirjin mutum guda!

Lambar girma kuwa a wancan lokaci sai a ɗaga ƙarfe na tsaye ake samunta, irin na wasannin Olamfik, mai hawa uku: turawa daga kafaɗa, da fizga, da cillawa sama. Biyun ƙarshe suna bukatar ƙafa mai sauri, abin da ba shi da shi. Shugabannin wasan na Kanada, waɗanda ke can gabashin ƙasar, sun daɗe suna shakkar bajintar da ake cewa yana yi, ba su kuma tafi da shi Olamfik na Helsinki a 1952 ba. A ganinmu wannan rashin adalci ne. A 1953 sai da aka yi karo-karo kafin ya sami kuɗin zuwa gasar duniya a Stockholm, ƙasar Suwidin. A can ya gamu da John Davis na Amurka, zakaran Olamfik na 1948 da 1952, wanda rabon da a kayar da shi tun 1938. Hepburn ya ba da rata mai yawa a turawa daga kafaɗa, ya lallaɓa a sauran biyun, ya tashi da jimlar kilo 467.5, ya ci zinariya. A shekarar aka ba shi kofin Lou Marsh na gwarzon 'yan wasan Kanada.

A 1954 aka yi wasannin ƙasashe renon Ingila a garinsu. Magajin gari Fred Hume ya ɗauke shi aikin dogari, don dai ya sami albashi ya yi shiri, ya kuwa ci zinariya. A wannan taro ne Emmanuel Ifeajuna na Nijeriya ya ci zinariya a tsallen sama. Akwai wata dangantakar kuma: turin benci shi ne ɗaga ƙarfen da ake yi a wasannin naƙasassu na duniya, inda 'yan Nijeriya, da yawansu waɗanda shan inna ya taɓa, suka ci zinariya shida a Rio a 2016.

Suna dai ba ya cika ciki. Hepburn ya shiga kokawar kuɗi irin ta Turawa, wadda yawancinta shiri ne, bai ji daɗinta ba, ya bari. Daga nan giya ta kama shi kamar yadda ta kama ubansa, har sai da ya kwanta asibiti neman magani. Da ya farfaɗo ya taɓa waƙa, ya ƙera na'urorin motsa jiki yana sayarwa, amma bai yi arziki ba. Yana raye wasan da ya raina ya zama gasa mai hukumar duniya a 1972, shi kuwa bai bar ɗaga ƙarfe ba har ya haura shekara 70.

Ya rasu a Vancouver ran 22 ga Nuwamba, 2000, bayan gyambon ciki ya huda masa tumbi. Shekarunsa 74.