Srinivasa Ramanujan: Gwanin Lissafin da Ya Faɗi Jarrabawa

A wannan makon na kawo muku tarihin wani mutumin Indiya mai suna Srinivasa Ramanujan. Dalilin da ya sa na zaɓe shi, yayana da ke SS 2 yana ɗaukar lissafi mai zurfi, wanda suke kira Further Maths, kuma kullum da dare sai ya ture littafin Turanci gefe ya duƙufa a kan lissafi. Ina karanta labarin Ramanujan sai yayan nawa ya faɗo mini a rai.

An haifi Ramanujan ranar 22 ga Disamba, 1887 a garin Erode da ke kudancin Indiya, amma a Kumbakonam ya tashi. Iyayensa ba masu hali ba ne. Mahaifinsa akawu ne a shagon sayar da zannuwa, kuma sukan ba ɗaliban kwaleji haya a gidansu don a samu na cefane. A wajen waɗannan 'yan haya ya fara tsintar lissafin da ya fi ƙarfin ajinsu. Aka ara masa littafin tirigonometiri na S. L. Loney, wato lissafin kusurwa da alwatika, ya laƙance shi yana ɗan shekara 13. Shekaruna ke nan yanzu, ni kuwa sai na yi gumi kafin in gano x.

A 1903, yana dab da gama sakandare, wani littafi ya shigo hannunsa daga laburare. Marubucinsa G. S. Carr mai koyar da lesin ne a Ingila, kuma ya rubuta shi ne don masu shirin jarrabawar lissafi. Dubban ƙa'idoji ne a jere, yawancinsu ba cikakken bayanin yadda aka same su. Ramanujan ba shi da wanda zai tambaya, sai ya zauna yana warware su ɗaya bayan ɗaya da kansa. Takarda ta yi masa tsada, don haka a kan ɗan allo yake aiki, yana gogewa da gwiwar hannu. Idan ya kai ga amsa, ita kaɗai yake kwafa a littafinsa, aikin kuma ya goge. Daga nan ya fara gano sababbin ƙa'idojin da ba su cikin littafin Carr. Daga nan kuma ya saba da rubuta amsa ba tare da nuna hanya ba. Da a ajinmu ne, da malamin lissafi ya kwashe masa rabin maki.

Ya gama sakandare a 1904 da kyautar lissafi, aka ba shi tallafin karatu a kwalejin gwamnati ta Kumbakonam. A nan matsala ta fara. Malamin Turanci ko na tarihi yana gaban aji yana bayani, shi kuwa yana lissafinsa. Ya faɗi Turanci, aka janye tallafin. Abin ya dame shi har ya gudu daga gida a 1905. Bayan ya dawo ya shiga kwalejin Pachaiyappa a Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai. Ya zauna jarrabawa a ƙarshen 1906 ya faɗi, ya sake bayan shekara guda ya kuma faɗi. Haka ya bar karatu ba satifiket, yana ɗan koyar da lesin, yana yawon neman aiki da littattafan lissafinsa a hannu. Sai a 1912 ya samu aikin akawu a hukumar tashar jiragen ruwa ta Madras, a kan albashin rupi 30 a wata.

Ni a ganina laifin na ɓangare biyu ne. Kwalejin ta yi asarar ɗalibin da ba ta taɓa samun irinsa ba saboda doka ba ta da sassauci. Amma shi ma da ya ba Turanci ko awa ɗaya a rana, da bai yi shekarun nan cikin wahala ba. Mu ma a nan, ko ka ci A1 a lissafi a WAEC, in ba kiredit a Turanci, jami'a ba za ta dube ka ba.

A Janairun 1913 ya rubuta wa G. H. Hardy na jami'ar Kambirij wasiƙa mai ɗauke da ƙa'idoji fiye da ɗari. Da farko Hardy ya yi zaton ɗan damfara ne, amma da suka duba shi da abokinsa Littlewood sai suka gane gwani ne na gaske. Abin da Hardy ya fara nema a amsarsa shi ne hujjojin da ba a rubuta ba. Ramanujan ya isa Ingila a 1914, suka yi aiki tare kusan shekara biyar. A 1918 aka zaɓe shi mamba a Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar.

Sai dai Ingila ba ta karɓe shi ba. Ga sanyi, ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ba ya cin nama saboda addininsa, da kansa yake girki. Ya kwanta rashin lafiya. Wata rana Hardy ya je dubiya a tasi mai lamba 1729, ya nuna cewa lambar ba ta da wani abin sha'awa. Nan take mara lafiyan ya gyara masa. Ku ɗauko biro ku gwada: 12×12×12 a tara da 1×1×1, amsa 1729. Sannan 10×10×10 a tara da 9×9×9, amsa 1729. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ake samu ta irin wannan hanya sau biyu. Na gwada, ya fita daidai.

Ya koma Indiya a 1919, ya rasu ranar 26 ga Afrilu, 1920 yana ɗan shekara 32. Ya bar ƙa'idoji kusan 3,900, kaɗan daga ciki kuskure ne, mafi yawa daidai. A 1976 wani Ba'amurke, George Andrews, ya gano wasu takardunsa a cikin akwati a laburaren kwalejin Trinity. Wani kuma, Bruce Berndt, ya shafe fiye da shekara ashirin yana rubuta aikin da Ramanujan ya goge daga allonsa, har ya cika littafi biyar.