Dmitri Mendeleev, malamin da ya tanadar wa sinadarai gurbi tun ba a gano su ba

Jadawalin sinadaran nan da ake mannawa a bangon ajin kimiyya, wanda ƴan makaranta ke haddacewa gab da jarrabawa, ya samo asali ne daga wani malamin Rasha da ke neman hanyar tsara littafin koyarwa.

An haifi Dmitri Mendeleev a 1834 a yankin Tobolsk na Saibiriya, shi ne autan gida mai ƴaƴa da yawa. Mahaifinsa shugaban makaranta ne, ya makance, aiki ya tsaya. Mahaifiyarsa Mariya ce ta riƙe gidan da masana'antar gilashi ta danginta, har gobara ta cinye ta. Bayan rasuwar mijinta ta ɗauki yaron, suka yi doguwar tafiya zuwa Mosko neman jami'a, aka ƙi karɓarsa. Ba ta koma gida ba. Suka wuce St. Petersburg, inda ya samu shiga makarantar horar da malamai a 1850. A shekarar ta rasu.

Lokacin da ya zama farfesa a jami'ar birnin, sinadarai 63 aka sani. Masana sun riga sun lura cewa wasu dangin juna ne. Litiyom, sodiyom da fotasiyom ƙarafa ne masu laushi, kuma ba sa shiri da ruwa. Kulorin, buromin da ayodin su ma halinsu ɗaya. Sodiyom ya haɗu da kulorin, ga gishirin miya. Abin da babu shi ne ƙa'idar da ta haɗa gidajen duka.

A 1869 Mendeleev ya jera sinadaran bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, daga marar nauyi zuwa mai nauyi, ya ga halayen suna dawowa bi da bi, ƴan gida ɗaya suna faɗawa layi ɗaya. Bajamushe Lothar Meyer ma ya kai ga irin wannan tsari. Inda Mendeleev ya yi zarra shi ne ƙarfin hali. Idan awo ya saɓa wa tsarin, awon yake tuhuma. Yuraniyom, wannan da ake haƙowa a Arlit, ana lissafa nauyinsa kusan 120. Ya ninka shi zuwa 240, kuma nan gaskiyar take kusa. Inda kuwa babu sinadarin da ya dace, sai ya bar gurbin fanko, ya rubuta nauyi da halin wanda zai zo.

Na farko ya zo a 1875, lokacin da Bafaranshe Lecoq de Boisbaudran ya gano galiyom, ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleev, da bai taɓa sa ƙarfen a ido ba, ya aika cewa a sake awo, kusan 5.9 ya kamata a samu. Aka tace ƙarfen, aka sake, aka samu 5.9. Sikandiyom ya biyo baya a 1879, jamaniyom a 1886, kowanne ya shige ɗakinsa.

Ba duk hasashensa ne ya tabbata ba. Da aka gano iskar argon a 1894 ya jima yana shakkar cewa sabon sinadari ce, don ba ta da wuri a jadawalinsa. Daga baya aka buɗe mata layi ita da ƴan uwanta, iskokin da ba sa son haɗuwa da kowa.

A 1890 ya kai wa ministan ilimi koken ɗalibai, aka mayar masa da takardar, ya ajiye aikin jami'a. Ya ƙare rayuwarsa yana shugabantar hukumar awo da ma'auni ta Rasha. A 1906 ya kusa samun kyautar Nobel, aka ba Bafaranshe Henri Moissan. Ya rasu a 1907. Sinadari na 101, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1955, sunansa yake ɗauke da shi: mendelebiyom.