Enzo Ferrari, Ɗan Maƙerin Da Ya Shahara Da Inji Mai Silinda 12

Da edita ya nemi in kawo tarihin wani shahararren mutum, na san wasu za su zaci sarki ko ɗan siyasa zan ɗauko. To amma waɗanda muka zauna aji ɗaya a Birnin Kudu sun san halina. Ranar fita gari in an neme ni an rasa, sai a duba garejin bakin titi, haka kuma in na koma Zandam hutu. Saboda haka Enzo Ferrari na ƙasar Italiya na zaɓa.

An haife shi a Modena cikin watan Fabrairu na 1898. Mahaifinsa yana da maƙera inda ake yi wa jirgin ƙasa kayan ƙarfe. Yana ɗan shekara 10 aka kai shi kallon tseren motoci a Bologna, tun daga ranar kuwa abin ya shiga ransa. A 1916 mahaifinsa da wansa suka rasu, maƙerar ta durƙushe. Ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aikinsa sa wa alfadarai takalmin ƙarfe. Da ya dawo ya nemi aiki a kamfanin Fiat, aka ƙi ɗaukarsa. A 1920 ya zama direban tsere na Alfa Romeo, a 1929 kuma ya kafa ƙungiyar tserensa, Scuderia Ferrari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Ferrari bai yi karatun injiniya ba, kuma ba shi ke zana injinan da ke ɗauke da sunansa ba. Gwanintarsa ita ce gane gwani, da jawo shi, da matsa masa har ya fitar da abin da ke kansa. Bayan ya bar Alfa a 1939, ya koma Maranello a 1943, aka yi wa masana'antarsa ruwan bama-bamai a lokacin yaƙi. Duk da haka ya kira Gioacchino Colombo ya zana masa inji mai silinda 12.

A nan sai mu tuna darasin malaminmu na fizis, yadda ya zana mana bugu huɗu na inji a allo: shaƙa, matsa, fashewa, fitar da hayaƙi. Ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan iskar da ta shiga ta haɗu da fetur. Injin da ke shaƙar iska da kansa ba shi da na'urar da ke ɗura masa ita. Fistin ne ke sauka, iskar waje ta bi shi. Mai son ƙarfi daga irin wannan inji, ko dai ya ƙara masa girma, ko ya sa shi juyawa da sauri, ko ya buɗe masa hanyar numfashi. Colombo ya raba lita ɗaya da rabi gida 12, kowace silinda cc 125, shi ya sa aka kira motar 125 S. Ƙaramin fistin ba shi da nauyi, tafiyarsa gajera ce, don haka yana jure gudu. Ga kafireta uku na Weber suna ciyar da shi. A kowane juyi wuta na tashi sau shida, alhali a Fijo 504 da muka saba da ita sau biyu ne kawai. Injin ya ba da ƙarfin dawaki 118 a juyi 6,800 cikin minti ɗaya. Fijo mai kafireta, da lita biyunta, ba ta kai dawaki 100 ba.

Tserenta na farko a Piacenza cikin Mayu 1947 famfon mai ya ba ta kunya. Mako biyu bayan haka Franco Cortese ya ci tseren birnin Rum da ita.

Babbar jarrabawa ta zo ne a tseren Formula 1. Doka a lokacin ta yarda da lita ɗaya da rabi mai na'urar ɗura iska, ko lita huɗu da rabi marar ita. Alfa ta bi hanyar farko, injinta ya haura dawaki 400, amma shan mai ba a magana. Ferrari ya gwada wannan hanya bai kamo su ba, sai ya saurari Aurelio Lampredi, suka gina babban inji mai shaƙa da kansa. Ranar 14 ga Yuli 1951 a Silverstone ta Ingila, José Froilán González ya kayar da Alfa, ya bar Fangio a matsayi na biyu. A ƙarshen shekarar Alfa ta janye. Injin Colombo kuwa ya ci gaba da girma har ya kai lita uku da kafireta shida a 250 GTO ta 1962, mai dawaki wajen 300.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Mutum ne mai zafin rai da taurin kai, yakan haɗa direbobinsa gasa da juna, da yawansu kuma a cikin motocinsa suka mutu. A tseren Mille Miglia na 1957 tayar motar Alfonso de Portago ta fashe, shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara suka halaka, biyar daga ciki yara ne. An gurfanar da Ferrari a kotu, sai a 1961 aka wanke shi. Ni dai wankewar kotu ba ta cire mini nauyin yaran nan daga zuciya ba. Shekara guda kafin wannan hatsari ya binne ɗansa Dino, ɗan shekara 24, wanda ciwon shanyewar tsoka ya kashe yana cikin aikin wani inji mai silinda shida tare da Vittorio Jano. Daga baya aka sa wa injin sunansa.

Tsere yana cin kuɗi. A 1963 cinikinsa da Ford ya wargaje saboda ya ƙi sakin ragamar ƙungiyar tsere, a 1969 ya sayar da rabin kamfanin ga Fiat ɗin nan da ta ƙi ɗaukarsa aiki. Motar ƙarshe da ya amince da ita, F40 ta 1987, turbo biyu gare ta, abin da har yau nake jin ɗan haushinsa.

Ya rasu ranar 14 ga Agusta 1988 yana da shekara 90. Bayan mako huɗu, a tseren Monza, motocinsa suka zo na ɗaya da na biyu. Shi ne kaɗai tseren da McLaren ba ta ci ba a duk wannan shekara.