Malam Aminu Kano da Ƙungiyar Malaman Arewa

An haifi Malam Aminu a birnin Kano cikin 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi. A zamanin nan malamin En'e ba shi da bakin magana kan albashinsa, abin da aka yanka masa shi zai karɓa. Da Malam ya komo daga Ingila sai ya tara 'yan'uwansa malamai suka kafa ƙungiya cikin 1948, shi ne sakatare. Abin bai yi wa mahukunta daɗi ba. Aka tura shi Maru, nan ƙasarmu ta Zamfara, wai ko ya yi sanyi. Ina! Cikin 1950 ya ajiye aikin, ya shiga NEPU. Allah ya yi masa rasuwa cikin 1983.