Marigayi Muhammad Rafi: Murya Ɗaya, Riguna Dubu

Duk wanda ya yi zaman ɗakin kwanan ɗalibai ba zai manta da musun waƙa ba. Wannan na Shata ne, wancan na Bob Marley, wani kuma in ba waƙar Indiya ba kunnensa a toshe yake, kowa yana ganin zaɓin ɗan'uwansa shirme ne. Wannan tsohon musu shi ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwa tarihin wani mawaƙi wanda bai yarda an ɗaure shi a turke ɗaya ba, wato Muhammad Rafi na ƙasar Indiya. Da yawanmu mun tashi da muryarsa a kunne ba tare da mun san sunansa ba, domin shi a bayan fage yake rerawa, taurarin fim kuwa baki kawai suke motsawa.

An haifi Rafi ranar 24 ga Disamba, 1924, a ƙauyen Kotla Sultan Singh kusa da Amritsar a yankin Punjab. Tun yana yaro ya fara kwaikwayon wani almajiri da ke yawo yana rera baituka a unguwarsu. Daga bisani iyayensa suka koma Lahore, inda danginsa ke da shagon aski, a can ne kuma ya zauna gaban malaman waƙar gargajiya ya koyi sarrafa murya. A 1944 ya tafi Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, neman sa'a, har Allah Ya haɗa shi da Naushad, fitaccen mai tsara kiɗa, wanda ya riƙe hannunsa.

Fim ɗin Baiju Bawra na 1952 shi ya fito da shi sarari. A cikinsa akwai wata waƙar bauta ta mabiya addinin Hindu, wadda Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya tsara kiɗanta, Rafi ya rera, dukkansu ukun kuwa Musulmi ne. Wannan ya faru ne shekara biyar kacal bayan rabuwar Indiya da Pakistan, lokacin da raunin zubar da jini tsakanin al'ummomin biyu bai gama warkewa ba.

Daga nan babu irin waƙar da bai taɓa ba. Ya rera ta begen masoya, ya rera kawali, ya rera ta kishin ƙasa da ta barkwanci, cikin harsunan Indiya da dama. Hikimarsa ita ce yakan dubi wanda zai hau waƙar, ya sauya muryarsa daidai da shi. In Dilip Kumar ne sai ka ji taushi da tausayi, in Shammi Kapoor ne kamar a fim ɗin Junglee na 1961 sai ka ji ihu da tsalle, in kuwa Johnny Walker ne sai ka kama ciki don dariya.

Sai dai hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A farkon shekarun 1960 ya saɓa da Lata Mangeshkar kan kason mawaƙa daga cinikin faifai. Ita tana ganin haƙƙinsu ne, shi kuwa yana ganin da zarar an biya ladan aiki magana ta ƙare. Sun yi shekaru ba su yi waƙa tare ba kafin a sasanta su. Sa'an nan bayan fim ɗin Aradhana na 1969 tauraron Kishore Kumar ya haska, kasuwar Rafi ta ja baya, har wasu suka ɗauka tasa ta ƙare. Bai yi fushi ba, bai kuma kushe abokin sana'arsa ba. A 1977 ya dawo da ƙarfinsa, ya sami lambar yabo ta ƙasa saboda waƙarsa a fim ɗin Hum Kisise Kum Naheen. Kafin nan, a 1967, gwamnati ta ba shi lambar girma ta Padma Shri, ya kuma ci kyautar Filmfare har sau shida a rayuwarsa.

Duk da wannan ɗaukaka, mutum ne mai kunya da riƙon addini. Ba ya shan giya ko taba, ba ya zuwa shagulgulan 'yan fim, daga wurin ɗaukar waƙa sai gida. Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1980, cikin watan azumi, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 55. Ana tafka ruwan sama dubban mutane, Musulmi da Hindu da sauransu, suka raka shi makwancinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun haɗu a taronmu na gaba aka sake tayar da tsohon musun nan, kowa ya kawo tasa waƙar, ya kuma ara wa ta ɗan'uwansa kunne. Allah Ya jiƙan Rafi, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.