Jean-Michel Frank

Jean-Michel Frank (28 ga Fabrairu, 1895 – 8 ga Maris, 1941) Bayahude ne ɗan ƙasar Faransa, mai zana kayan ɗaki da tsara cikin gida. Ya yi suna wajen ƙera tebura, kujeru da kabad marasa yawan ado, waɗanda kyansu ya dogara ga ingancin katako da tsaftar aiki.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Paris, cikin iyalin Yahudawa masu asali daga Jamus. Ɗan'uwa ne ga Otto Frank, mahaifin Anne Frank. A shekarar 1915 yayyensa maza biyu suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mahaifinsa ya kashe kansa, daga baya mahaifiyarsa ta rasu a asibitin masu taɓin hankali.

Aiki

A zamanin da masu kuɗin Paris ke cika ɗakunansu da kayan ƙawa, Frank ya zaɓi rage su. Yakan lulluɓe katako da siraran karan hatsi da aka tsaga aka jera da hannu, ko da jemammiyar fata, ko fatar wani kifin teku. A tsakiyar shekarun 1920 ya shirya falon Charles da Marie-Laure de Noailles, inda ya rufe bango da fata. Wannan aikin ne ya fito da sunansa.

Frank ke yin zane, gwanin kafinta Adolphe Chanaux kuma ke kula da ƙira. A 1935 suka buɗe shago a titin Faubourg Saint-Honoré. Alberto Giacometti ya ƙera masa fitilu. A ƙarshen shekarun 1930 ya shirya gidan Nelson Rockefeller a New York. Ana kuma danganta masa teburin Parsons, wanda kaurin ƙafafunsa daidai yake da kaurin samansa.

Mutuwa

Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da Faransa, inda zama ya koma haɗari ga Yahudawa. A 1940 ya tafi Ajantina, ya yi aiki da kamfanin kayan ɗaki na Comte a Buenos Aires. Daga nan ya wuce Amurka, inda ya kashe kansa a New York yana da shekara 46. Har yau ana kwaikwayon zanensa, kayan da aka ƙera a zamaninsa kuwa suna tsada a wuraren gwanjo.