Sarkin Musulmi Attahiru na Fari

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ne, jikan Atiku ɗan Shehu Usmanu. Aka naɗa shi Sarkin Musulmi cikin watan Oktoba 1902, bayan rasuwar Abdurrahman. Sarauta ce mai nauyi ya gada, gama Turawan Ingila sun riga sun ci Bida da Kontagora da Yola da Bauchi, cikin Fabrairu 1903 kuma Kano ta faɗi.

Manyan Sakkwato suka rarrabu. Waɗansu suka ce a yi yaƙi, waɗansu a nemi sulhu, waɗansu kuwa a yi hijira. Ba a gama shawara ba sai ga rundunar Turawa. Ran 15 ga Maris aka gamu a bayan gari. Mashi da takobi ba su iya tsaya wa bindiga mai ruwa ba.

Attahiru ya nufi gabas, zuciyarsa tana Makka. Waziri Buhari kuwa ya komo Sakkwato, yana ganin in shugabanni duka suka tafi, ba mai tsaya wa talakawa. Gwamna Lugga ya naɗa wani Attahiru a gadon. Mai karatu kada ya yi saurin hukunta ko ɗaya daga cikin mutanen nan biyu, gama kowannensu jama'a yake tunani.

Ku lura da abin da ya firgita Turawa. Ba mayaƙa ba ne, gama an riga an karya su. Talakawa ne, maza da mata da yara, suna barin gonakinsu a bakin damina, ƙauye bayan ƙauye, suna bin sarkin da ba shi da gari. Ƙasar da ba kowa a cikinta, wa za a mallaka, wa kuma zai biya haraji? Ku mutanen Udubo da Azare, abin nan kusa da ku ya wuce: Sarkin Misau Ahmadu ya bi ayarin, Katagum kuwa ta karɓi Turawa ba yaƙi.

Aka tsaya a Burmi, kusa da kogin Gongola. Cikin Mayu mutanen garin suka kori harin fari. Ran 27 ga Yuli 1903 Turawa suka komo da ƙarfi, aka wuni ana yaƙi. Attahiru ya faɗi tare da mutane fiye da 600, Manjo Marsh shugaban rundunar kuma ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, inda zuriyarsu take zaune a bakin Shuɗin Nilu har wa yau.